Kafin ka roƙi kamfani buhun gwaji, ka tanadi sikeli

Matasa da yawa a Yankara, Faskari da Sabuwa sun fara ɗaukar bidiyon kajinsu da tarwaɗarsu suna sawa a Facebook da TikTok, kuma tambayar da suka fi yi min ita ce: "Yaya zan sa kamfanin abincin kaji ya ba ni kaya in gwada, in faɗa wa mutane?" Ana bayarwa. Sai dai yawancin masu nema roƙo suke yi, shi kuwa kamfani ba sadaka ya fito rabawa ba.

Da farko ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Olam mai Chikun da Ultima tana da masana'anta a Kaduna tun 2017, Grand Cereals mai Vital Feed tana Jos, Top Feeds kuwa na Premier Feed Mills ne. Saƙon da ka tura shafin hedikwata da wuya ya kai hannun mai yanke hukunci. Dilan da kake sayen abinci wurinsa a Funtua ya san wakilin kamfani na yanki, wakilin kuma shi ne ke neman manomin da zai nuna kayansa. Ta nan za ka bi. Ka kuma ce za ka karɓa a shagon dilan, don yadda tsaro yake a hanyar Funtua zuwa Gusau, ba kowane direba ne zai yarda ya shigo da kaya ba.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya: sunanka, inda gonar take, yawan kajin, masu bibiyarka nawa kuma su waye. A ganina mutum 800 masu kiwo sun fi 20,000 masu kallon barkwanci amfani ga mai sayar da abincin kaji. Kar ka ƙara ko ɗaya a adadin, za a duba.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne tsarin gwajin. Buhu ɗaya ba ya nuna komai. Buhun abincin kaji kilo 25 ne, buroila ɗaya kuma tana cin wajen kilo huɗu da rabi kafin ta cika sati shida. Ka ce za ka zuba 'yan tsaki 50 daga kwali ɗaya, ka raba su 25-25, ɗaki ɗaya, ruwa ɗaya, rigakafin Gumboro da Lasota rana ɗaya. Rabi su ci na kamfani, rabi su ci wanda ka saba, ko da haɗin gida ne na masara da waken soya. Kenan buhu biyar kake nema, sitata da finisha, kuma ka faɗi dalili. Duk sati ka ɗora su a sikeli ka rubuta. A ƙarshe ka raba abincin da suka ci da nauyin da suka yi: kilo 112 na abinci, kaji 25 masu kilo biyu da rabi-rabi, ya ba ka kusan 1.8. Wannan lambar ce mai kiwo zai buga da farashin buhu ya san ko da riba. "Wallahi kajin sun yi ƙiba" ba sakamako ba ne.

Kifi ma haka, tanki biyu, 'ya'yan tarwaɗa masu girma ɗaya, sai dai buhunsa yawanci kilo 15 ne, kuma gwajin zai ci watanni.

In 'yan tsaki aka ba ka, ka yi adalci. Tsakon da ya kwana a mota daga Ibadan zai iya mutuwa a satin farko saboda wahalar hanya, ba don ƙyanƙyasar ta lalace ba. Ka rubuta ranar da aka ƙyanƙyashe su da lokacin da suka iso. Magani kuwa, in babu lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jiki, ni ba na karɓa ko kyauta ne. Rigakafin da ya zo ba cikin ƙanƙara ba, a mayar wa mai shi.

Sai maganar da mutane ba sa son yi. Tun kafin ka ɗauki buhun, ku rubuta cewa za ka faɗi sakamako ko ya yi kyau ko bai yi ba. Kana iya nuna wa wakilin lissafin kafin ka fitar, don ya gyara kuskuren lamba, amma ba don ya goge ba. In ya ce sai yabo kawai, to talla yake so, talla kuma kuɗi ake biya, har da hukumar ARCON da dokar 2022 ta ɗora wa sa ido a kanta. Kuma a farkon bidiyon ka ce, "Kamfani ne ya ba ni wannan abincin kyauta." Matar da ta sayar da akuyarta ta zuba kaji 30 saboda maganarka tana da haƙƙin ta san wannan.

Wanda bai taɓa yin gwaji ba, ya fara da abincin da ya saya da kuɗinsa. Littafin awon sati shida ɗin nan shi za ka ɗora a kan teburin dila ranar da ka je neman wakilin.