Kafin a kai kwamfuta ko na'urar wasa wurin mai gyara: a fara ceto abin da ke ciki

Duk shekara idan zafin Afrilu da Mayu ya kama a Njamena, ma'aunin zafi ya haura digiri 40, sai koke ya yi yawa: kwamfuta tana mutuwa da kanta, PlayStation ɗin yara yana gurnani kamar janareta. Sau da yawa ba lalacewa ba ce. Kamfanin Sony ya ƙayyade cewa PS4 ta yi aiki tsakanin digiri 5 zuwa 35, mu kuwa ɗakunanmu sun wuce haka da rana, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka. Na'ura tana kashe kanta ne don kada ta ƙone. Sai mu ɗauke ta daga kan katifa ko darduma, mu busa ƙurar, mu bar ta ta huce.

Wuta ma da ruwanta. Wutarmu volt 220 ce, don haka kayan da aka kawo daga Amurka a duba bayan cajarsu: in ba a rubuta 100–240V ba, kada a jona. Idan an ɗauke wuta mu zare waya daga bango, domin dawowarta ta fi tafiyarta ɓarna.

Amma abin da ya fi damunmu shi ne ajiyar da ke ciki. Na'ura ana sake saye a Babbar Kasuwa ko a tsallaka Kuseri. Kundin binciken ɗalibi fa, ko karatun tafsirin da aka naɗa shekara goma, ko lissafin kuɗin masallaci? Waɗannan amana ce, kuma mai gyara da ya rasa ta yi, abu na farko da yake yi shi ne goge komai ya sake zuba Windows. Mu kwafi abinmu a faifan waje tun kafin mu fita gida, a wuri biyu in da hali. Hotunan iyali kuma bai kamata su kwana a shagon kowa ba.

Idan faifan kwamfuta ya fara ƙas-ƙas, a kashe nan take. Kowace kunnawa ƙara rauni take. Idan kuma filas ya dawo daga shagon buga takardu fayiloli sun ɓace, kada a yi masa fomatin. Yawanci ƙwayar cuta ce ta ɓoye su, suna nan. A sani kuma filas mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, sai an mayar da shi exFAT, shi kuwa mayarwar tana share abin da ke ciki.

Yaranmu ma suna da nasu rashin. A PS4 ana iya kwafe ajiyar wasa zuwa filas ta cikin saiti. PS5 ba ta yarda a kwafe ajiyar wasanninta ɗaya-ɗaya haka ba, sai dai a kwafe ajiyar na'urar a dunƙule zuwa filas, ko ta PlayStation Plus a intanet, ko a haɗa na'urorin biyu a tura kai tsaye, wanda ya fi sauƙi ga mai ƙirga data. Idan PS4 ta ƙi tashi, a danne maɓallin kunnawa har ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa 7. A jerin da zai fito, zaɓi na 5 yana gyara tsarin ajiya ba tare da goge komai ba. Na 6 da na 7 kuwa shara suke yi tas.

Masu Windows 10 su lura: Microsoft ya daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025. Duk mai shirin ƙaura zuwa Windows 11, ya kwafe ajiyarsa, ya buɗe ta a wata kwamfutar ya tabbatar tana buɗuwa, sannan ya fara.