Ƙagewar wuya: wadda za a yi wa haƙuri da wadda ba ta jira

Da zarar ƙurar hunturu ta lafa, zafin bazara ya kunno kai, sai maganar sanƙarau ta cika gari, duk wanda ya tashi wuyansa a ƙage hankalinsa ya tashi. Tsoron yana da tushe: annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, ta 2017 da ta faro daga Zamfara ta ci fiye da 1,000. Sai dai yawancin ƙagewar wuya daga tsoka take, ko dai muguwar kwanciya, ko ɗaukar kaya a ka, ko yawan sunkuyawa kan waya. Irin wannan waiwaye take hanawa, in an kira mutum ya juyo da dukkan jikinsa, cikin 'yan kwanaki kuma ta saki.

Ta sanƙarau daban ce. Ƙwayoyin cuta ne ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, shi ya sa in aka sunkuyar da kan majiyyaci don haɓarsa ta taɓa ƙirji, sai wuyan ya cije kamar an ɗaure shi da sanda. Kuma ba ita kaɗai take zuwa ba: akwai zazzaɓi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, sambatu ko jijjiga. Jariri kuwa sau da yawa wuyansa ba ya ƙagewa ko kaɗan. Maɗigarsa ce ke kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta tsala kuka.

Wani zai ce ai zazzaɓin cizon sauro ma haka yake, asibiti da nisa, ga kuɗi, bari a fara gwada maganin kemis. Kamannin gaskiya ne, kuma shi ne ma dalilin da bai kamata a yi canke ba, domin sanƙarau kan yi kisa cikin awa 24, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira kan fita da nakasa kamar kurumta. Masu gudun ɗibar ruwan baya da ake yi a asibiti don gano sanƙarau, wai tana gurguntarwa, su sani, allurar tana shiga ne ƙasa da inda laka ta ƙare.

A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau. Ya kamata hukumomi su kai shi ƙauyuka kafin rani, ba sai an fara ƙirga gawa ba. Kai kuma mai gida, in ka ga ƙagewar wuya da zazzaɓi tare, kada a kwana, a nufi asibiti.