Shirun da ya fi rigima haɗari a Wikipedia

Akwai wani birni a gaɓar tekun Baltik da mutanen Poland ke kira Gdańsk, Jamusawa kuma suke kira Danzig. Shekaru masu rubutu a Wikipedia ta Turanci suka yi suna kai ruwa rana kan sunan: wannan ya rubuta Gdańsk, wancan ya goge ya mayar Danzig, wani ya sake gogewa. Kowane ɓangare da hujjarsa, domin masu jin Jamusanci sun daɗe suna rinjaye a birnin kafin ya koma hannun Poland bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a 2005 aka jefa ƙuri'a, aka raba gardamar da shekaru: abin da ya faru tsakanin 1308 da 1945 a ce Danzig, abin da ya gabaci haka ko ya biyo baya a ce Gdańsk. Mai jin labarin zai iya cewa aikin banza ne, manya suna faɗa kan kalma ɗaya. Amma irin wannan jayayya ita ce babbar kariyar mai karatu, kuma shafin da ya kamata a ji tsoro shi ne wanda babu mai yin faɗa a kansa.

Dalilin yana cikin yadda aka gina kundin. Tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe shi ranar 15 ga Janairu 2001, ba a naɗa wani babban edita mai yanke hukunci ba. Abin da ake da shi dokoki ne. Babbarsu ta hana ɗaukar ɓangare, sai dai ba ta ce a raba kowane batu gida biyu daidai wa daida ba. Cewa ta yi a kawo ra'ayoyi gwargwadon nauyinsu a littattafai da jaridu da mujallun bincike abin dogaro. An hana marubuci cusa binciken kansa, ko da kuwa ganau ne. A Wikipedia ta Turanci an hana soke gyaran wani fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24. In abin ya ci tura, sai a kulle shafin a tura masu jayayya shafin tattaunawa, daga can kuma a iya kai ƙara gaban kwamitin sasanci da aka kafa a ƙarshen 2003, wanda a 2009 ya hana kwamfutocin cocin Scientology taɓa kundin saboda yadda mabiyanta ke gyara shafuka don kare ta. Duk waɗannan dokoki ba sa aiwatar da kansu. Sai wani ya ga jimlar da ta karkata, ransa ya sosu, ya ce a kawo hujja. Mafi yawan lokuta kuwa wanda ransa ke sosuwa shi ne abokin hamayya.

Kuroshiya ta nuna abin da ke faruwa in aka kori abokin hamayyar. A Wikipedia ta harshen ƙasar, wasu 'yan tsirarun masu kula da shafuka, masu tsananin kishin ƙabila, suka riƙe ragama kusan shekara goma. Duk wanda ya yi musu sai a toshe shi. Da haka aka sassauta labarin gwamnatin Ustaše da ta haɗa kai da Hitler, aka rage munin sansanin Jasenovac inda aka hallaka dubban Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma. Abin ya kai ga a 2013 ministan ilimi Željko Jovanović ya gargaɗi ɗalibai su guji shafukan, sannan rahoton da Gidauniyar Wikimedia ta fitar a 2021 ya tabbatar da ƙwacen. Dokar rashin ɗaukar ɓangare tana nan a rubuce duk tsawon lokacin. Masu kafa hujja da ita ne aka kakkaɓe. Ko da babu mugun nufi, shiru na yin ɓarna. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen Scots na Sukotland ba ya rubuta dubban shafuka a Wikipedia ta harshen, shekara da shekaru babu wanda ya taka masa birki.

Bincike ma ya goyi bayan hakan. Wani nazari da aka buga a mujallar Nature Human Behaviour a 2019, wanda James Evans na Jami'ar Chicago yake cikin marubutansa, ya gano cewa shafukan da masu ra'ayin siyasa mabambanta suka rubuta tare sun fi inganci a kan waɗanda 'yan gida ɗaya suka rubuta. Masu saɓani sun fi daɗewa suna muhawara, sun kuma fi kafa hujja da dokokin kundin.

Za a ce ai a irin wannan faɗa mai lokaci da intanet da taurin kai ke yin nasara, ba mai gaskiya ba. Wannan suka yana da nauyi. Binciken da gidauniyar ta yi a 2011 ya nuna mata ba su kai ɗaya cikin goma na masu rubutu ba, kuma har yanzu tarihin rayuwar mata bai wuce kusan ɗaya cikin biyar na irin waɗannan shafuka a Turanci ba. Donna Strickland ba ta da shafi sai ranar da aka sanar ta ci kyautar Nobel a fannin kimiyyar fiziks a 2018, alhali 'yan watanni kafin haka an yi watsi da daftarin da wani ya rubuta a kanta bisa cewa bai nuna ta shahara ba. Amma a lura, daftarin ya faɗi ne a hannun mai dubawa guda, ba tare da muhawara ba. A kwatanta da shafin Mzoli's, wani gidan nama da a lokacin yake Gugulethu kusa da Cape Town, shafin da Wales da kansa ya buɗe a 2007 aka goge cikin minti 22. An dawo da shi domin an samu masu tsayawa su yi gardama. Zafin harshen da ke korar sababbin shiga illa ce ta gaske, sai dai maganinta a ladabtar da masu zagi, a bar gardamar ta ci gaba.

Sukar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta tushen hujjar kanta. In duk abin da aka buga ya fito daga ɓangare ɗaya, mai bin doka sau da ƙafa zai maimaita son zuciyar ne cikin ladabi. Mai rubuta jihadin 1804 da Hausa zai samu Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda har ya ɗauko wasiƙun Shehu El-Kanemi na Borno masu ƙalubalantar dalilan yaƙin, don haka muryoyi biyu suna kan takarda. Amma yadda Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maradi ke ba da labarin, galibinsa a bakin dattawa da maroƙa yake, kuma abin da mutum ya ji daga kakansa ba ya shiga kundin. Achal Prabhala ya gwada kafa hujja da hirar baka a Indiya da Afirka ta Kudu a 2011, amma Wikipedia ta Turanci ba ta sauya dokarta ba. A nan gardama kaɗai ba ta isa ba, domin Bagobirin da ya zo yin musu zai tarar ba shi da shafin littafi da zai nuna, sai wani masani a jami'ar Sakkwato ko ta Yamai ya riga ya naɗi maganar dattawan ya buga ta.