In Babur Ya Ƙi Tashi

Sau da yawa falke yakan ɗaure kayansa tun da asuba zai tafi cin kasuwa, sai babur ya ƙi tashi. Ga mai a tanki, amma ya yi ta bugawa a banza. Galibi laifin na wuta ne, gama fetur ba ya kamawa cikin inji sai tartsatsin fulogi ya taɓa shi.

Masana aikin sukan fara da batir. Su murɗa makulli, su danna oda. In muryarta ta shaƙe, to, batir ya yi sanyi, ko kuwa tsatsa ta ci bakin wayoyinsa. Sai a kankare, a ɗaure tamau. In ba motsi ko kaɗan, a duba fis. Wanda ya ƙone a sake shi da irinsa, don masu naɗa waya a madadinsa gobara suke gayyata.

Sa'an nan a kwance fulogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, nesa da fetur, a buga, ba tare da an riƙe shi da hannu ba. Shuɗin tartsatsi lafiya ke nan. In babu, a goge baƙin da ke bakinsa, a daidaita tsakanin ya zama kamar milimita 0.7. Da damina kuwa a busar da hular, domin ruwa yakan sace wutar.

In sabon fulogi ma bai kawo wuta ba, cutar tana can wajen kwayil. Nan fa sai bakanike, gama mai tona abin da bai sani ba kuɗin gyara biyu yakan biya.