Notin da Bai Kai Ƙwayar Shinkafa Ba

Ɗauki tsohuwar rediyo ko kwamfutar tafi-da-gidanka, ka girgiza ta kusa da kunnenka. In ka ji wani abu yana ƙaras-ƙaras a ciki, galibi noti ne ya kwance ya faɗa. Bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma ƙarfe ne, kuma yawo yake a kan allon da wuta ke bi. Ranar da ya gitta tsakanin layuka biyun da bai kamata su haɗu ba, na'urar tana iya mutuwa nan take.

Me ke kwance notin da ba wanda ya taɓa shi? Idan aka ɗaure noti, jikinsa yakan ɗan miƙe, miƙewar da ido ba ya gani, kuma wannan ja shi ke matse haƙoransa da na ramin. Muddin suna matse, yana nan daram. A 1969 wani injiniyan Jamus, Gerhard Junker, ya nuna cewa girgizar da ke zuwa ta gefe, wadda ke sa sassan da aka haɗa su riƙa gogar juna, ta fi saurin kwance noti a kan wadda ke bin tsawonsa. Duk ɗan zamewa, sai notin ya ja baya kaɗan, har ya saki. Zafi da sanyi ma suna nasu aikin, domin ƙarfe da roba ba sa buɗewa da tsukewa daidai wa daida. Na'urar da ke wuni a kan babur cikin ranar bazara duka biyun take sha.

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne ƙara ɗaurewa da ƙarfi. A ƙaramin noti wannan ɓarna ce: haƙoran su cinye, ko robar da ke riƙe da ramin ta tsage. Wosha mai tsaga ma, wadda makanikai suka yarda da ita, littafin hukumar NASA na 1990 kan ɗaure noti ya ce da zarar ta baje ba ta fi wosha ta yau da kullum ba.

Maganin da ya fi karɓuwa daga ɗakin gwajin wani malamin kimiyyar sinadarai ya fito, Vernon Krieble na Kwalejin Trinity a Hartford ta Amurka, a 1953. Wani ruwa ne mai ban mamaki: yana nan a ruwansa muddin yana samun iska, sai ya shige tsakanin haƙoran ƙarfe inda iska ba ta kaiwa sannan ya daskare. Shi ya sa ba a cika kwalbarsa har baki. Shi ne Loctite, kuma launinsa ke faɗin ƙarfinsa. Shunayya, mai lamba 222, na ƙananan notuna ne. Shuɗi ya fi shi riƙo, amma sukuddireba tana kwance shi. Ja kuwa sai an gasa shi zuwa wajen digiri 250, zafin da ya wuce wanda ke narkar da dalmar da ke liƙe sassan allon. Ba shi da wurin zama a cikin waya. Ɗigo ɗaya na shunayyar a kan tsinken sakace ya isa, kuma kada ya taɓa roba, don yana sa irin robar jikin na'urori ta tsattsage. Ɗan shuɗin tabon da ake gani a notunan kwamfuta sababbi yawanci busasshen nailan ne da masana'anta ta shafa, ba datti ba ne, a daina kankare shi.

In babu ko ɗaya, ɗigon jan farce a gefen kan notin yana riƙe shi, kuma idan ya motsa tsagewar fentin za ta nuna.

Abin da ke damuna shi ne sufa gulu. Ina roƙon masu gyara, na Farm Centre a Kano da na ko'ina, su nisanta shi daga noti. Yana malala inda ba a aike shi ba, tururinsa yana barin farin tabo a kan gilashin kyamara, sannan ya kama notin kam. Bayan wata shida batir ya kumbura, mai wayar ya dawo, kan notin ya cinye a hannun mai gyara na gaba, sai a koma fasa murfi don a kai ga batirin da canza shi bai wuce aikin minti goma ba.