Ranar 'Yan Mazan Jiya Ba ta Bariki Kaɗai Ba Ce

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, Najeriya kan tuna da sojojinta da suka rasu a bakin aiki. Tsarin kusan ɗaya ne daga Abuja har manyan biranen jihohi. Tun kafin ranar an ƙaddamar da ɗan tambarin da ake maƙalawa a ƙirji, an yi addu'a a masallacin Juma'a da coci. Ran bikin a yi fareti, a busa begila, a yi tsit na ɗan lokaci, manya su ajiye furanni ɗaya bayan ɗaya, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru, kafin azahar an watse. Wanda ya bi ta Ƙofar Dundaye a Sakkwato da wannan hantsin, cikin hazo da sanyin hunturu, zai tarar da masu shayi da 'yan kabukabu kowa na harkar gabansa, da wuya ya sami wanda ya san ana wani abu. Ba laifinsu ba ne. An ɗauki ɓawon bikin ne aka bar ƙwayar, wato sunayen mamatan da haƙƙin waɗanda suka bari.

Asalin al'adar daga Turai take. An tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya da ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamban 1918, sai Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta suka riƙi ranar, suka fara shirun minti biyu a 1919. Jan furen nan da Turawa ke maƙalawa ba ado ba ne: tun 1921 ƙungiyar tsofaffin sojojin Birtaniya ke sayar da shi don tara wa nakasassu da iyalan mamata kuɗi. A ƙauyukan Faransa da Ingila kuma akwai duwatsu da aka sassaƙa sunayen 'ya'yan garin da ba su dawo ba, farabiti da hafsa a jere. Najeriya ta daɗe tana bin 11 ga Nuwamba, kuma da dalili, don 'ya'yanta sun yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka, sannan a Yaƙi na Biyu suka shiga dazukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Da yawansu 'yan Arewa ne, Hausa ce ma harshen bariki a lokacin. Bayan yaƙin basasa ne aka mayar da ranar 15 ga Janairu, domin a rana irin ta ne a 1970 jagoran 'yan aware Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas. Furanni da begila sun iso mu lafiya lau. Rubuta suna da tara kuɗi a fili kuwa, su ne suka yi rauni a hanya.

Wani zai ce, ina ruwan Musulmi da ajiye fure da tsayuwar shiru, ai kwaikwayon wasu ne. Maganar tana da ƙafa, kuma ba wanda ya wajabta wa kowa ɗaukar fure. Amma in an bar furen, tunawa da wanda ya faɗi a fagen fama ba baƙon abu ba ne a garin Shehu. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ziyarci shahidan Uhudu ya yi musu addu'a. Da aka yi wa jama'ar Shehu Usmanu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa a 1804, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta dama, da kuma Alwasa a 1805, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wa abokansa marsiyya, yana ambaton su da suna, ya adana a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Muhammadu Bello, wanda ya kewaye Sakkwato da ganuwar da Ƙofar Dundaye ke ɗaya daga ƙofofinta, ya rubuta labarin yaƙoƙin a Infaƙul Maisur. Nana Asma'u ita ma marsiyyoyinta sun shahara. Mutanen nan ba su yarda mamatansu su zama adadi kawai ba. Sannan ga hadisin da ya nuna ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. In bashin da ke wuyan shahidi bai faɗi ba, ina ga bashin da shi yake bin al'umma?

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma Basakkwace ne ya fi kowa cancantar yin sa. Sojan Najeriya ya samo tushe ne daga rundunar da ta ci Sakkwato a filin Giginya ranar 15 ga Maris 1903, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli. Ranar 15 ga Janairun kanta, a 1966, sojoji ne suka kashe Sardauna Ahmadu Bello a gidansa da ke Kaduna. Ga kisan da sojoji suka yi a Zariya a Disambar 2015, ga Tudun Biri a 2023, ga ƙauyukan Silame a nan gida a Disambar 2024, inda harin sama ya ci rayukan farar hula. Duk gaskiya ne, kuma ranar tunawa ba takardar wanke laifi ba ce. Sai dai a daren da aka kashe Sardauna an kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Abogo Largema da Yakubu Pam, su ma sojoji ne. Yau barikin Sakkwato sunan Giginya yake ɗauke da shi, kuma mai riƙe da gadon Shehu tun 2006, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, birgediya janar ne mai ritaya. Yaron da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar Sabon Birni ko dajin Tangaza ba shi ya tsara 1903 ba. Galibi ɗan talaka ne da ya shiga aikin don ya riƙe gidansu. Hasali ma buƙatar ɗaya ce. Da aka kai hari sansanin Metele a Borno cikin Nuwamban 2018, sai da aka kwashe kwanaki kafin rundunar ta faɗi adadin mamatanta, kuma adadin ya sha bamban da na kafofin labarai. Hukumar da aka saba mata da faɗin sunan nata mamacin, ita ce za a iya tilasta wa faɗin sunan wanda ta kashe bisa kuskure.

Manyan hafsoshi ba su rasa masu tuna su. Kowa ya ji labarin Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori a 2016, da Janar Ibrahim Attahiru da ya rasu a hatsarin jirgi a Kaduna a 2021. Ƙaramin soja ne ke ɓacewa, kuma inda ɓatan ya fi ciwo shi ne ɗakin matarsa. Tana cikin takabar wata huɗu da kwana goma, ga marayu, ga gidan bariki da ba nata ba, ga takardun da sai an bi ofis-ofis kafin kuɗin inshorar rai da na sallama su fito. Wani lokaci ma matsalar daga gida take: fom ɗin magaji da mamacin ya cika tun yana saurayi, sunan wansa ko mahaifinsa ke ciki, bai sake shi ba bayan ya yi aure. Kuɗin ya fito ya faɗa hannun mutum ɗaya, alhali shari'a ta riga ta yanka wa mata da 'ya'ya da iyaye rabonsu.

Gyaran nan bai buƙatar sabon filin fareti. Gwamnatin jiha da reshen Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya, wadda doka ta kafa tun 1964, za su iya buga abin da aka tara daga tambarin bara da gidajen da ya isa. Rundunar soja za ta iya bai wa kowace jiha sunayen 'ya'yanta da suka rasu cikin shekara, a karanta su a rediyo da Hausa. A unguwa kuwa, mai unguwa da liman sun fi kowane ofis sanin gidan da aka yi wa ta'aziyyar soja, da ko yaran gidan na zuwa makaranta, kuma Juma'ar da ta gabaci 15 ga Janairu ta isa a ambaci mamacin a yi masa addu'a, a haɗa wa marayun abin da ya sauwaƙa. Duk gidan da ke da ɗa a bakin daga kuma, ya kamata a tambaye shi, tun yana raye, sunan wa ya rubuta a fom ɗin.