Ginin da ke Cikin Ruwa: Wane ne Mai Wurin?

A ƙagaggun labaran Turawa na duniyar almara akwai wani jigo da ke yawan maimaituwa: matuƙa jirgi su hango wani gagarumin gini a tsakiyar teku, ba wanda ya san maginansa, sai labarin ya koma neman amsar tambaya guda, wato wa ya gina shi. Tushen jigon tsoho ne, domin tun a Girka ta dā Aflatun ya ba da labarin tsibirin Atlantis da teku ta haɗiye. Tambayar kuwa tana da haɗari. A 1910 Bajamushen nan Leo Frobenius ya ga ƙere-ƙeren tagulla a Ile-Ife, bai yarda hannun Yarbawa ne ya fara su ba, ya jingina su ga mutanen Atlantis.

Ƙasar Hausa ba ta da teku, amma ba ta rasa wannan jigo ba. Ta mayar da shi rijiya da tafki da gurbin gulbi, ta kuma sauya tambayar. Abin da ya dami mai ba da labari a nan shi ne mallaka: wurin na wane ne, kuma da wane sharaɗi ake kusantarsa? Rijiyar Kusugu ta Daura misali ce a fili. Labarin Bayajida bai tsaya kan wanda ya haƙa ta ba, ya tsaya kan macijin da ya mallake ta, ya ƙayyade ranar ɗiban ruwa. Haka birnin Jangare na iskokin bori, wanda Fremont Besmer ya bayyana gidajensa goma sha biyu a 1983: an san sarkinsa da fadawansa da zuriyar kowane gida, amma masu bori kansu sun saɓa a kan inda yake, maganar maginansa kuwa ba ta ma taso ba.

Wanda ya zauna a Dabai ko kewayenta zai gane wannan tunani ba na Hausawa kaɗai ba ne. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, suna da wurin tsafi na Girmace a ƙasar Zuru, kurmi ne mai ruwa da kadoji, inda ake kai hadaya da buƙatu. Babu bango ko hasumiya a wurin. Duk da haka aikin da gagarumin gini ke yi a almarar Turawa shi ne kadoji da kurmin ke yi: su shata iyaka tsakanin abin da ɗan Adam ya mallaka da abin da yake baƙo a cikinsa. A ganina, manazarcin da ya zo da ma'aunin Turai yana neman dutse da siminti zai wuce Girmace bai ga komai ba.

Sai dai kudancin Jihar Kebbi na da wani al'amari da ya juya jigon. Tsakanin 1964 da 1968 aka gina madatsar ruwa ta Kainji a kan Kwara. Tafkin da ya taru ya shanye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya kuma shanye tsibirai da dama na Gungawa a ƙasar Yawuri. An tashi fiye da mutum 40,000 aka sake musu matsugunai. Ke nan a ƙarƙashin wannan tafki akwai gidaje da masallatai da kaburbura da wuraren tsafi waɗanda aka san maginansu, aka san shekarar da ruwa ya rufe su. Tambayar Turawa ta samu amsa tun kafin a yi ta. Tambayar Hausa ce ta rage a buɗe: da mutane suka tashi, wa ya gaji wurin? Masu gidajen ne har yanzu, ko hukuma, ko 'yan ruwa?

Amsar tana bakin masunta da Sarkawa da tsofaffin Gungawa, a cikin abin da suke faɗa game da wuraren da ake jefa koma da waɗanda ake kaucewa. Wannan aiki ne na masu nazarin adabin baka, kuma lokacinsa ƙanƙane ne: yaron da ke da shekara goma a 1968, ya ga tsibirinsu kafin ruwa ya hau, yau ya doshi saba'in.